HO ko N ga mai son jirgin kwal?

Ɗan'uwa, ka ce tsofaffin jiragen ƙasa masu ƙona kwal ne ke ranka, kana so ka fara haɗa ƙananansu a gida, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin HO da N, wato ma'aunai biyu na girman ƙananan jiragen. Ni dai HO zan ce maka. Girmansa kashi 1 cikin 87 ne na jirgin gaske, faɗin layinsa milimita 16.5. N kuwa 1 cikin 160 ne, layinsa milimita 9, sai ga wanda wuri ya matse wa.

Ai daɗin jirgin kwal yana ga sandunan ƙarfen nan da ke haɗe ƙafafunsa, suna kaiwa suna komowa lokacin da ya taso a hankali. A N sai ka ƙura ido kafin ka gan su sosai.

Abin da za ka kiyaye shi ne kwana. Dogon kan jirgi irin Big Boy na Amurka, wanda aka fara ƙerawa a 1941, ba ya son matsattsiyar kwana, sai ya goce daga layi. Fara da gajeren kai tukuna. Idan kuma Mallard ta Ingila kake sha'awa, wadda ta yi gudun mil 126 a awa a 1938, galibi a sikelin OO, wani ma'aunin girma na daban, ake samunta, amma tana hawa layin HO lafiya lau.

Na'urar sa ƙaramin jirgin fitar da hayaƙi kam ban cika son ta ba. Man da take ƙonawa yana barin maiƙo a kan layi, kullum kana goge-goge. Gara ka sa kuɗinka a DCC mai sauti, wato tsarin lantarki na sarrafa ƙaramin jirgin, wanda ke sa shi fitar da ƙara irin ta jirgin gaske.