Ina zan jona na'urar sauya sauti a amfilifayar jita?

Tambaya: Malam, na jona na'urar sauya sauti a gaban amfilifaya, amma amsa-kuwwar tana fita a cakuɗe. Me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, ni ma na sha wannan. Leƙa bayan amfilifayarka, in ka ga ramuka biyu, Send (inda sauti ke fita) da Return (inda sauti ke dawowa), to ka tanadi wayoyi 4. Jita zuwa na'ura. Send na na'ura zuwa gaban amfilifaya. Send na amfilifaya zuwa Return na na'ura. Mafitar na'ura zuwa Return na amfilifaya. Ta haka amsa-kuwwa take zuwa bayan kaushin da amfilifaya ke ƙara wa sautin jita, sai ta fito tas. Don Allah ka kashe kwaikwayon sifika, wato saitin na'ura da ke kwaikwayon sautin sifika, yana dushe muryar jita. Rage ƙara kafin ka kunna.