Amsoshin Tambayoyinku: Babban Gyaran Mota a Gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun sauya salo. A da ana tambayar wace mota ce ta fi dacewa a saya, yanzu kuwa galibi ana neman yadda za a ci gaba da riƙe wadda ake da ita ba tare da gareji ya cinye abin cefane ba. Ga uku daga cikinsu.

Tambaya: Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Pantami cikin garin Gombe. Motata Peugeot 406 ta yi zafi a hanyar Bauchi, kuma tun ranar take shan ruwa tana fitar da farin hayaƙi. Bakanike ya ce gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, kuɗin aikin da ya yanka mini kuwa ya kusa rabin albashina. Na kalli yadda ake yi a YouTube, ina kuma da sifanu a gida. In yi da kaina?

Amsa: Malam, Allah ya sawwaƙe, ya kuma hore abin gyara. Shawarata ita ce kada ka yi, kuma ba don ina raina basirarka ba ne. Kai kuɗin aiki kake dubawa, alhali abin da ya kamata a auna a kowane gyara shi ne asarar da za ta biyo baya idan aka yi kuskure. Idan ka yi kuskure wajen canja matatar iska, sai ka buɗe ka sake ɗaurawa. Idan kuwa ka yi kuskure a wannan aikin, injin ne gaba ɗaya zai iya tafiya.

Gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Zafi ne ya kashe shi, zafin kuwa yana da mafari: ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda an daɗe ana zuba masa ruwan rijiya zalla, ko fanka ta daina juyawa, ko famfon ruwa ya gaji, ko wata roba tana yoyo. Wanda ya sa sabon gasket bai gano mafarin ba, zai sake sayen wani kafin a jima. Sannan kan injin wannan mota na alminiyum ne, kuma idan ya sha zafi yakan ɗan lanƙwashe ta yadda ido ba ya gani. Sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna, idan ya karkace a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe su daidaita fuskarsa. Wannan ba a yinsa a tsakar gida, kuma shi ne matakin da masu bidiyo suka fi tsallakewa da sauri.

Bayan haka sai ɗaurin kusoshin kan injin. Suna da tsarin da ake bi ɗaya bayan ɗaya, suna kuma da ma'aunin ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, wanda sai da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake samunsa daidai. Ƙarfin damtse ba ya maye gurbinta. Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne tayimin bel, domin dole a cire shi kafin a ɗaga kan injin. A injin 406, fistin da bawul suna shiga wuri ɗaya a lokuta mabambanta, bel ɗin ne yake hana su haɗuwa. Idan aka mayar da shi ba a kan saiti ba, da zarar an murza makulli sai fistin ya daki bawul ya lanƙwasa su, aikin da kake gudun biyan kuɗinsa ya ninka.

Duk da haka akwai inda za ka rage kashe kuɗi sosai. Da farko ka nemi bakanike na biyu ya tabbatar da cutar, domin ba kowane shan ruwa ne gasket ba. A duba ko baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, a duba ko ruwan lagireto yana kumfa idan inji yana aiki. Idan ta tabbata, ka raba cinikin gida biyu, kuɗin aiki daban, kuɗin kaya daban, ka je kasuwa da kanka tare da yaron garejin ku sayo kayan, ka karɓi rasit. An daɗe ana haɗa Peugeot a Kaduna, saboda haka kanikawan da suka san cikinta ba su yi ƙaranci ba a Gombe da Bauchi, kana da damar zaɓe da tayi. Tun da an riga an buɗe wurin, ka canja tayimin bel da abin da ke ɗame shi da famfon ruwa a lokaci guda, domin bel ɗin ne yake juya famfon, kuma sake buɗewa wani sabon kuɗin aiki ne. Gasket da bel kam kada ka yarda da na gwanjo komai arharsu. Ranar aikin ka ɗauki kujera ka zauna a garejin, ka ga an auna kan injin da idonka, ka kuma ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire.

Tambaya: Ni uwa ce a unguwar Fadaman Mada, Bauchi. Ɗana ya gama makarantar koyon sana'a, yana so ya canja mini takalman birki da shokozoba na gaba a motata Corolla. Ina son in ƙarfafa masa gwiwa, amma ina tsoro domin nakan je Jos da yara.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya, burin yaron ma mai kyau ne, sai dai ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. Canja takalman birki na gaba aiki ne da mai natsuwa zai iya koya, muddin karo na farko ya yi shi a gaban wanda ya ƙware. Kada ya kwance bututun man birki, domin idan iska ta shiga ciki, birkin yakan yi laushi ya nutse ƙasa ba tare da ya kama ba. Idan ya gama ɗaurawa, ya taka birkin sau da yawa har ya yi tauri kafin motar ta motsa, sannan a gwada ta a hankali a fili, ba a gangaren hanyar Jos ba. Kuma don Allah ki gaya masa kada ya taɓa shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ne yake riƙe da ita. Jak na ɗagawa ne kawai. A sa ƙafafun ƙarfe da aka yi domin tokare mota, a kan daɓe mai ƙarfi, a kuma sa waigi a tayoyin baya. Bulon siminti yakan fashe ba zato.

Shokozoba kuwa a bar wa gareji. Na gaban Corolla yana cikin murɗaɗɗen sifirin da aka matse da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin mota, kuma idan aka kwance notin sama ba tare da abin matse sifirin mai inganci ba, yakan fizge ya karya hannu ko muƙamuƙi. Idan yana son koyo, ki haɗa shi da bakaniken da kika amince da shi, ya riƙa zuwa yana kama masa aiki, ranar da za a yi na motarki kuma a yi shi yana tsaye a wurin.

Tambaya: Ina da ɗan kuɗi kaɗan. In sayi ƙaramar na'urar da ake jonawa a mota ta nuna matsala a waya, ko akwatin sifanu? Daga wani matashi a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Ɗana, fara da sifanu masu kyau daga lamba 8 zuwa 19, da ma'aunin iskar taya, da ƙafafun tokare mota. Da su za ka yi juyen mai, ka canja fulogi da matatar iska, ka wanke kan batir, kuma irin waɗannan ƙananan ayyuka a kan lokaci su ne suke hana babban gyara zuwa. Na'urar tana da amfani daga baya, domin motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wurin jona ta. Amma ka sani lambar da take nunawa tana faɗin sashen da ke da matsala ne, ba ta cewa ga abin da za a canja. Za ta iya cewa inji yana tsallake wuta, alhali laifin na fulogi ne ko kwayil ko gurɓataccen mai. Idan ka same ta, ka rubuta lambar ka tafi da ita wurin rewaya, kada ka goge ta don wutar gargaɗi ta mutu, domin da ita zai fara bincikensa.