Ina Karatu, Ina Mantawa

Tambaya: Anti, ina ajin ƙarshe na sakandare. Nakan kwana ina bitar lissafi, amma gari na wayewa sai in ji kaina fayau. Ko dai ba ni da ƙwaƙwalwa ne?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ƙwaƙwalwarki lafiya lau, kwanan zaunen ne yake cutar ki. A cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya. Ni ma na taɓa faɗuwa lissafi saboda wannan ɗabi'a. Abin da ya cece ni awa ɗaya ce kullum: in rufe littafi, in warware tambayoyi biyar da kaina. Wadda ta gagare ni, in koma mata bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Makonnin farko za ki ga kamar ba kya gaba, kar ki daina. Ƙarfe goma na yi, ki kwanta.