Amsoshin Wasiƙunku: Ina Daɗin Shirin da Aka Nuna Mai Kisan Tun Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kawuna ya daɗe yana yaba mini wani tsohon shirin Amurka mai suna Columbo, wai babu shirin 'yan sandan ciki da ya kama ƙafarsa. Na samu kashi biyu na kalla, sai na ga tun a mintunan farko an nuna wanda ya yi kisan da yadda ya yi shi. To ina daɗin yake? In ci gaba da kallo, ko dai son tsohon abu ne kawai irin na manya?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gaishe da Kawu, ka ce masa ina bayansa, amma ba a kan komai ba.

Abin da ya ba ka haushi da gangan aka yi shi. Richard Levinson da William Link, waɗanda suka ƙirƙiri shirin, juya tsarin suka yi. An saba a ɓoye mai laifi sai ƙarshe, su kuwa suka ajiye maka shi a gabanka, ka ga shirinsa, ka ga dabarar da ya yi don a ɗauka yana wani wuri lokacin da aka yi kisan. Wani lokaci sai an ci minti 20 kafin Laftanar Columbo, ɗan sandan da ke binciken, ya leƙo ma. Daga nan tambayar da ke gabanka ita ce ta wace kafa za a kama mutumin nan. Ka riga ɗan sandan sanin komai, amma shi zai ga abin da ya wuce ka alhali a kan idonka aka yi.

Ƙarfin shirin yana wurin Columbo kansa. Peter Falk ya fara fitowa a wannan matsayi a 1968, shirin ya kankama a tashar NBC daga 1971 zuwa 1978, kuma Falk ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin sau 4 saboda shi. Ga rigar ruwa duk a yamutse, ga guntuwar taba a hannu, ga wata tsohuwar fijo 403 da ko 'yan gwangwan sai sun yi shawara kafin su taya. Ba ya yawo da bindiga. Kullum yana lalube a aljihu neman fensir, yana ba da labarin matarsa da ba a taɓa nuna ta ba. Har kallon nan nasa na ido a karkace ba wasan kwaikwayo ba ne, an cire wa Falk idon dama tun yana ɗan shekara 3 saboda ciwon daji, na roba ne a wurin.

Waɗanda yake bi kuwa manyan Los Angeles ne: likitoci, marubuta, masu kamfanoni, taurarin fim. Suna ganinsa sai su ce wannan bawan Allah ai ko hanyar gidansa da kyar yake ganewa. Raina kama ka ga gayya. Zai yi sallama, ya kai bakin ƙofa, mai gida ya sauke ajiyar zuciya, sai ya juyo yana sosa kai ya ce saura abu ɗaya kawai. Wannan abu ɗayan shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Dubi kashin 1973 inda Leonard Nimoy ya fito a likitan zuciya, ya ɗinke abokin aikinsa da zaren da zai narke bayan 'yan kwanaki don a ce ajali ne, sannan ya kashe nas ɗin da ta gane. Likitan yana yi wa Columbo dariya a fuska, har Columbo ya fusata ya buga tulun ruwa a kan tebur. Da yake ba kasafai yake fushi ba, wannan bugu ɗaya ya fi mini harbe-harben wasu finafinan goma.

Yanzu inda na rabu da Kawu. Hujjar da Columbo ke rufe shari'a da ita sau da yawa ba ta da ƙwari. Ɗauki Murder by the Book na 1971, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni yana saurayi. Marubuci ya kashe abokin rubutunsa saboda kuɗin inshora, komai ya tafi daidai, sai a ƙarshe hujjar ta zama wata 'yar takarda da marigayin ya taɓa rubuta dabarar kisan a kai. Mai kisan ya saduda nan take. In da ya yi gum ya kira lauya, ban ga alƙalin da zai ɗaure shi a kan wannan ba. Haka abin yake a kashi da dama: tarko ake ɗanawa, mai laifi ya faɗa, ya amsa da bakinsa, a rufe labule kafin a je kotu. Akwai inda tarkon ya yi kyau ƙwarai, kamar A Friend in Deed na 1974, inda wanda ake bi mataimakin kwamishinan 'yan sanda ne, wato ubangidan Columbo. Ba zan ɓata maka ƙarshensa ba. Amma akwai inda za ka ji marubutan ne suka gaji suka sa mutum mai wayo ya yi wauta.

Na biyu, tsarin ɗaya ne kullum. Columbo na farko shi ne na ƙarshe, ba ya girma, ba ya sauya hali, babu labarin da ke ɗorewa daga wannan kashi zuwa wancan kamar yadda ka saba a shirye-shiryenmu masu dogon zango. Har 'yan wasan da ke fitowa a masu kisan ma maimaita su ake: Jack Cassidy sau 3, Patrick McGoohan sau 4. Ga kuma jan lokaci. Wasu kashin minti 70 da 'yan kai ne, kuma su ne suka fi tsauri. Da aka miƙa wasu suka haura minti 90, sai aka riƙa cike gurbi da kai mota gareji da raha da karensa, abin da bai ƙara wa binciken komai ba.

Kashi 69 ne gaba ɗaya. Da aka dawo da shirin a tashar ABC daga 1989 zuwa 2003, an yi 24, kuma a ganina mafi yawansu ba su kai na da ba, Falk ya koma kwaikwayon kansa. Ka fara da na shekarun 1970, kashi ɗaya a mako. In ka jera uku a dare guda, a na ukun kai za ka riga shi juyowa daga bakin ƙofa.

Tambaya: Malam, za a iya kallon irin wannan shirin tare da yara a falo?
Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ta fuskar jini da ta'asa da sauƙi, yawanci ba a nuna gawa a wulaƙance, kuma babu tseren motoci da ruwan harsashi. Sai dai ki san rayuwar attajiran Amurka ce ake nunawa: akwai giya a kusan kowane falo, taba ba ta barin hannun jarumin, kuma dalilin kisa sau da yawa cin amanar aure ne ko gādo. Ƙananan yara ma barci zai kwashe su, domin shirin magana ce zalla, wanda bai ji Turanci sosai ba rabin abin zai wuce shi. 'Yan sakandare ne za su ƙaru, su ma ki fara kallon kashin ke kaɗai, musamman na bayan 1989, domin sun fi na farko sakin fuska a sha'anin maza da mata.