Tambaya da amsa: 'Yan kallo na son talabijin mai AR kuwa, ko in riƙe kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a wajen Ƙofar Ƙaura nan Katsina, yarona da ke karatun kwamfuta ya ishe ni wai yanzu zamanin AR ne, nan gaba tabarau za a riƙa sawa ana kallon wasa, in ban shirya ba kwastomomi za su watse. Da gaske mutane na son abin nan? In fara tara kuɗin tabarau ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yaron naka bai yi ƙarya ba, amma ya haɗa abu biyu ya dama. AR ɗin nan ai tuni yana gidan kallonka, kullum kana sayar da shi. Zanen kwamfuta ne da ake ɗorawa kan hoton gaske har ya zauna kamar a wurin yake. Layin ofsayid da ake ja in an tafi VAR, wato duba bidiyo don taimaka wa alƙalin wasa, kibiyar da ke nuna nisan firikik zuwa raga, da'irar da masu sharhi ke sa wa ɗan wasa a ƙafa lokacin hutun rabin lokaci, duk shi ne. Gobe in ana wasa ka lura da kyau, zanen na kwance kan ciyawa amma ɗan wasa in ya zo sai ya taka shi ya wuce, bai hau masa riga ba, saboda kwamfutar ta san launin ciyawa kuma tana bin motsin kyamara, duk inda mai ɗauka ya juya zanen na nan inda aka ajiye shi.

To mi mutane ke so a ciki? Amurka ta gwada abu biyu kusan lokaci guda. A 1996 tashar Fox ta sa wa ƙwallon hoki na kan ƙanƙara wani haske shuɗi, in an buga da ƙarfi ya ja wutsiya ja, wai don a riƙa ganinsa. Masoyan wasan na asali suka yi ta tsaki, sun ce an mai da wasansu kamar gem ɗin yara, zuwa 1998 abin ya mutu. A 1998 ɗin dai tashar wasanni ta ESPN ta fito da wani layi rawaya a ƙwallon Amurka mai nuna inda ake so ƙungiya ta kai, layi ɗaya tal ba ado, har yau ana amfani da shi. Shi layin ya amsa tambayar da mai kallo ke yi a ransa dama, shi kuwa hasken kwalliya ce aka cusa masa bai nema ba.

Haka ofsayid yake a wajenmu. A gasar kofin duniya ta Katar a 2022 kyamarori 12 ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, ga na'ura a cikin ƙwallon kanta, sai a fito da hoton kwamfuta a nuna kafaɗa ko gwiwar da ta wuce. Wannan kam 'yan kallo na so don yana ba su abin kafa hujja, kodayake kai ma ka sani bai taɓa hana ɗan Arsenal da ɗan Man U musu har a tashi ba, jiran da ake yi kafin hoton ya fito shi ne abin da ke ƙona masu rai.

Batun tabarau kuwa, nan ne nake cewa ka bi a hankali. An taɓa yin irin wannan zumuɗin da talabijin mai 3D, wanda ake sa tabarau a ga hoton kamar ya fito waje, a 2010 har wasannin kofin duniya na Afirka ta Kudu aka nuna da shi, ESPN ta buɗe tasha guda dominsa amma 2013 ta rufe, zuwa 2017 Sony da LG sun daina ƙera irin talabijin ɗin. Mutane ba su son ɗaura abu a fuska awa biyu, wasu kansu ke ciwo, ga ƙarancin shirye-shirye. Tabarau ɗin Vision Pro na Apple a dala 3,499 guda ɗaya ya fito a 2024, mutum ɗaya ke sawa, kai da benci ke cika ranar El Kilasiko nawa za ka saya? Sannan a zafin watan Afrilu na Katsina, a rumfar kwano, wa zai karɓi tabarau da gumin wani a jiki?

Kuma wanda ya baro gida ya biya kuɗin shiga ba hoto kaɗai ya zo nema ba, da yawa suna da waya a aljihu, ya zo ne a yi ihu tare, ya juya ya ga fuskar abokin hamayya in an zura masu. Tabarau na rufe daidai wannan. Inda nake ganin AR zai ci kasuwa a nan shi ne ta waya, misali ranar hawan sallah mutum ya saita kyamara kan tawagar hakimi sunan gundumar ya fito, wannan na san za a so, amma shi ma sai da data da netwok mai ƙarfi.

Don haka Alhaji kuɗin tabarau ka zuba su a babban allo mai kyau, tunda siraran layukan nan ba su fitowa sosai a ƙaramin talabijin ga wanda ke bencin baya, ka ƙara da sola ko inbata don kar wuta ta ɗauke ana tsakiyar duba fenariti, ka kuma tabbatar dikodarka mai HD ce kuma kana kan tashar HD ɗin.