Ma'aunin Zafi Ya Nuna 103: Tambayoyinku Ga Likita

Tambaya: Likita, idan na taɓa goshin yaro da bayan hannu na ji zafi, ai ya wadatar ko? Daga wani magidanci, Kurna.

Amsa: Hannu zai gaya maka akwai zafi, amma ba zai gaya maka nawa ba ne. Sayi ma'aunin zafi a kemis, ka sa a hammata har ya yi ƙara.

Tambaya: Na gwada jikina na ga 98.6, gabana ya faɗi. Daga wata ɗaliba, Gwale.

Amsa: Kwantar da hankalinki, wannan shi ne 37 da kika sani, wato zafin jikin mai lafiya. Karanta amsa ta gaba.

Tambaya: An kawo mana ma'auni tsaraba daga Amurka. Ɗana ɗan wata bakwai ne, jiya ya nuna 103 da harafin F. Surukata ta ce haƙori ne, a shafa masa kananzir a lulluɓe shi ya yi gumi. Mene ne 103 ɗin? Daga wata uwa, Ɗorayi.

Amsa: Baiwar Allah, goya yaron nan ki kai shi asibiti yau. Sauran bayanin kya karanta a layin ganin likita.

Awo iri biyu ne. Asibitocinmu na amfani da Salsiyos, mai harafin C, Amurkawa kuma Farenhait, mai harafin F. A C ruwa na daskarewa a 0, ya tafasa a 100. A F kuwa yana daskarewa a 32, ya tafasa a 212. Kin ga taki 100 na C ya yi daidai da taki 180 na F, wato kowane digiri ɗaya na C digiri 1.8 ne na F, sannan F ya faro daga 32. Daga nan ƙa'idar ta fito: F = 1.8 × C + 32. In za ki dawo, cire 32, ki raba da 1.8. Naki 103, a cire 32 saura 71, a raba ya ba da 39.4. Zazzaɓi kuwa daga 38 yake farawa, wato 100.4 a ma'auninki.

Haƙori ba ya kawo zafi irin wannan. Wallahi maganar nan ta "haƙori ne" tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin a bayanta maleriya, limoniya da sanƙarau ke ɓuya har yaro ya galabaita. Kananzir kuma? Yana ƙona fatar jariri, shaƙarsa na illata huhu. Lulluɓi ƙara wutar yake yi.

Rage masa kaya, ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi farasitamol na yara daidai yadda aka rubuta. Kada a zuba masa ruwan ƙanƙara. In ya fara jijjiga, kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai.

Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan a Kano, ga asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano. A yi masa gwajin jini kafin a ba shi maganin maleriya. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, da zarar ya kai 38, ko da tsakar dare ne a tafi asibiti. Ki roƙi Hajiya ta raka ki, ta ji daga bakin likita da kunnenta.