Ko zan iya ɓare alamar haɗari daga kwalayen batir?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina shigo da batiran sola daga Caina. Kowane kwali yakan zo da wata takarda mai ratsin baƙi da fari da lamba 9, kuma saboda ita kamfanin dakon kaya yake ƙara mini kuɗi. Wani abokina ya ce in sa a ɓare takardar, a rubuta "kayan lantarki" kawai. Mene ne amfanin alamar, kuma akwai laifi idan na cire ta?

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka cire ta. Na san ƙarin kuɗin yana da ciwo, musamman yadda dala take a yanzu, amma takardar nan an liƙa ta ne domin mutanen da za su taɓa kayanka ba tare da sun san abin da ke ciki ba: ɗan dako a tashar ruwa, matuƙin jirgi, direban tirela daga Apapa zuwa Kano, da ɗan kwana-kwana idan wuta ta tashi.

Tsarin ya samo asali daga Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta fara fitar da ƙa'idojin jigilar kaya masu haɗari a 1956. Ta kasa su gida tara, kowane gida da launinsa da hotonsa, domin wanda bai iya karatu ba, ko bai ji harshen ƙasar da aka yi lodi ba, ya gane da kallo ɗaya. Siffar alamar murabba'i ce da ke tsaye a kan kusurwa, santimita 10 kowane gefe a jikin kwali, santimita 25 a jikin kwantena ko mota. Lambar da ke kusurwar ƙasa ita ce gidan. Ruwan goro mai lamba 1 na abubuwa masu fashewa ne. Ja mai harshen wuta da lamba 3 na ruwa mai kamawa ne, irin fetur da kananzir. Fari mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce. Mai lamba 8, inda ake ganin ruwa yana ɗiga a hannu da ƙarfe, na abubuwa masu cin fata ne, kamar ruwan batirin mota.

Wadda nake so mutanenmu su fi riƙewa ita ce shuɗiya mai lamba 4. Ma'anarta abin da ke ciki ba ya shiri da ruwa. Sinadarin kabaid da masu walda ke amfani da shi yana wannan gida: da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya saki iskar gas mai kama wuta. Ka ga ke nan wanda ya zo taimako da bokiti, da kyakkyawar niyya, shi zai ƙara wa gobarar ƙarfi idan babu alamar da za ta tsayar da shi.

Naka batiran na lithium ne, suna gida na 9. Batirin lithium idan ya sha matsi, ko ya huje, ko ya yi zafi fiye da kima, yakan fara ɗumama kansa daga ciki, ya kunna na kusa da shi, wannan ma ya kunna na gaba. Wutarsa tana da wuyar kashewa, kuma takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. A ranar 3 ga Satumba 2010 wani jirgin saman dakon kaya na kamfanin UPS ya faɗi a Dubai bayan wuta ta tashi a cikin kayansa, waɗanda suka haɗa da batiran lithium masu yawa, matuƙansa biyu suka rasu. Tun daga Afrilun 2016 an hana loda irin waɗannan batira zallansu a matsayin kaya a jirgin fasinja, a jirgin kaya kuma ba a yarda cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari ba. A jirgin ruwa, alamar ce take sa a zaɓa wa kwantenarka wuri nesa da zafi. Idan aka rubuta "kayan lantarki", za a iya ajiye ta ko'ina.

Ka duba kusa da alamar, za ka ga haruffan UN da lambobi huɗu a jere. Batirin lithium shi kaɗai UN 3480 ne, idan kuma yana cikin na'ura ko an haɗo shi da ita, UN 3481. Fetur UN 1203 ne, dizal UN 1202. Da wannan lambar mai kashe gobara yake sanin ainihin abin da yake fuskanta.

Game da laifi kuwa, akwai shi. Ɓoye kaya mai haɗari ƙarya ce a takardun jigila. Kamfanonin jiragen ruwa suna cin tara mai nauyi a kai, ana iya riƙe kayan, kuma idan asara ta faru kamfanin inshora yana da hujjar ƙin biya. Abin da ya fi damuna dai shi ne alhaki: idan rai ya salwanta saboda ka ɓoye abin da ka sani, yana wuyanka.

Abin da za ka yi shi ne ka nemi mai sayar maka ya ba ka takardar bayanan tsaron kayan, da shaidar cewa batiran sun ci gwajin tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UN 38.3. Wanda ya kasa kawo su, kayansa ma abin shakka ne. Sannan ka tambayi farashi a wajen kamfanoni biyu ko uku da suka saba dakon batir ta ruwa, ka sa ƙarin a cikin lissafin kuɗin kaya tun farko. Idan kayan sun iso, ka bar alamun a jikin kwalayen har cikin sito, ka nuna wa yaran shago ma'anarsu, kuma kada a jibge su a rana ko kusa da janareta.